In babu ƙira, me ya ci gawayi?

Akwai hukuncin da ba ya cin minti guda kafin a yanke shi. A sanya wa malamin makaranta ko shugaban wata ƙungiyar raya al'adu faifan farko na makaɗan nan na Jamus masu suna Einstürzende Neubauten, kafin injin huda ƙarfe ya gama kukansa na farko an riga an toshe kunne, an ce wannan hayaniya ce, aikin mahaukata ne, Turawa sun ƙoshi sun rasa abin yi. Hukuncin yana da daɗin faɗi, kuma mai faɗinsa ba ya rasa masu gyaɗa masa kai. Sai dai hukunci ne na wanda ƙara ta shiga kunnensa bai tsaya ya saurara ba, abin takaicin kuma shi ne yakan fito daga bakin mutanen da aka damƙa wa amanar koya wa yara saurare. Abin da waɗannan makaɗa suka yi da tarkacen ƙarfe kiɗa ne cikakke, kuma a cikin masu yi musu dariya babu wanda dariyar ba ta dace da shi ba kamar ƙungiyoyin al'adu na ƙasar Hausa.

Kafin a yi wa mutum shari'a sai an san garinsu. An kafa ƙungiyar ne a Barlin ta Yamma, ta fara hawa dandamali ranar 1 ga watan Afrilu na shekarar 1980. A wancan zamani wannan ɓangare na birnin tamkar tsibiri yake, katangar da aka gina a 1961 ta zagaye shi ta kowace fuska, ƙasar Jamus ta Gabas kuma ta zagaye katangar. Mazauna cikinsa ba a tilasta musu aikin soja kamar sauran samarin Jamus ta Yamma, saboda haka matasa masu gudun kaki da masu neman haya mai arha suka yi ta kwararowa. Hukumomin birnin suna rushe tsofaffin gidajen da suka tsira daga bama-baman yaƙin duniya na biyu, suna maye su da dogayen benaye na siminti masu kama da juna. A shekarun 1980 da 1981 matasa sun kutsa cikin gidaje fiye da 100 da aka bari fanko ana jiran a rushe su, suka zauna a ciki ba da izini ba, suna arangama da ƴan sanda a unguwannin Kreuzberg da Schöneberg. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, sautin da ya fi sani shi ne na injin fasa kankare da na katangar da ke zubewa.

Sunan ƙungiyar ma daga nan ya fito. Ma'anarsa ita ce sababbin gine-gine masu ruftawa, wato waɗannan benaye na bayan yaƙi da ake alfahari da su. Makonni bakwai da fitowarsu ta farko, ranar 21 ga watan Mayu na 1980, rufin babban zauren taron da Amurka ta ba birnin kyauta a 1957 ya rufta, mutum guda ya rasa ransa. Jagoran ƙungiyar, Blixa Bargeld, wanda aka haifa a birnin a 1959, yana da shekara 21 a lokacin. Abokinsa N. U. Unruh talauci ya sa ya sayar da gangunansa na zamani, sai ya haɗa wasu da farantan ƙarfe da abin da ya tsinto a wuraren gini. Kaset ɗinsu na farko-farko sun ɗauke shi ne a cikin wani kogo da ke jikin gadar babbar hanyar mota, suna dukan bangon gadar kanta, suka riƙa sayar da shi a ɗan shagon da Bargeld yake tsaro.

Masana kiɗa suna sanya su a cikin salon da ake kira post-punk, wato abin da ya biyo bayan guguwar punk ta 1976 da 1977. Makaɗan punk na Landan da New York sun zo da aƙidar cewa kowa na iya ɗaukar gita ya faɗi abin da ke ransa ko bai je makarantar kiɗa ba. Waɗanda suka biyo bayansu, irin su Joy Division ta Manchester da Public Image Ltd ta Landan, sun riƙe aƙidar, suka yar da tsarin waƙar da aka saba. Ƴan Barlin sun zarce kowa, domin su har kayan kiɗan suka yar. A faifansu Kollaps na 1981 da waɗanda suka biyo shi, ana jin guduma da injin huda da injin gurza ƙarfe da tano da keken zuba kaya na kanti da murɗaɗɗen ƙarfe da aka ɗaure ya yi tsiri ana dukansa kamar tsirkiya, a bisa duka kuma ga ihun Bargeld, siririn ihu mai tsawo wanda ya zama alamarsa.

Ba za a ɓoye yadda wasanninsu na bainar jama'a suka kasance ba, domin a nan ne masu suka suke da makami. Tartsatsin wuta yana tashi daga ƙarfe ya faɗa kan ƴan kallo, wani lokaci a kunna wuta a kan dandamali, ƙarar kuma ta kai inda mutum ke jin ta a ƙirjinsa kafin kunnensa. Wasan da ya fi shahara shi ne na watan Janairun 1984 a cibiyar fasahar zamani ta ICA da ke Landan, inda wasu ƴan ƙungiyar da abokansu suka shigo da injin kwaɓa siminti da zarton inji da injin fasa kankare. Bayan kamar minti 20 suka soma huda dandamalin kansa, masu gidan suka yanke wuta, ƴan kallo suka ci gaba da ɓarnar da hannuwansu. Wanda ya ce wannan dare ya wuce gona da iri bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya ɗauki dare guda ya auna aikin shekara 45 da shi, ya yi awon gero da murfin kwalba. Ita kanta cibiyar ta ICA a shekarar 2007 ta sake shirya wannan wasa a zaurenta, a matsayin wani babi na tarihin fasaha da ya cancanci a tuna da shi.

Tuhuma ta farko da ake yi musu ita ce ba su da kayan kiɗa, saboda haka abin da suke yi ba kiɗa ba ne. Wannan magana ta tsufa a Turai tun kafin a haife su. A 1913 ɗan Italiya Luigi Russolo ya fitar da bayani yana kira da a shigar da ƙarar injuna da ta tituna cikin kiɗa, ya kuma ƙera akwatunan da ke fitar da ita. A 1948, a gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer ya ɗauki sautin jiragen ƙasa ya yanka ya jera ya fitar da kiɗa, kuma sunansa yana cikin littattafan tarihin kiɗa na harshen Faransanci. To amma ba sai an je Paris ba. Mace uku a bakin turmi guda, kowace da taɓaryarta, suna lugude, ɗaya ta jefa tata sama ta tafa hannu ta cafe, wa ya taɓa cewa wannan ba kiɗa ba ne don turmi kayan girki ne? Ƙwarya mazubin fura ce kafin mata su kifa ta su mai da ita abin kiɗan amada. Kuge guntun ƙarfe ne da ake doka da ƙaho, ga shi kuwa yana cikin kayan kiɗan sarauta. Akayau ƙarfe ne da ake ɗaura wa ƙafa. Al'ummar da ta gaji waɗannan ta daɗe da sanin cewa babu abin da aka halitta a matsayin kayan kiɗa, hannu da kunne su ne ke mai da abu haka. Makaɗi ya zaɓi sauti daga cikin sautuka, ya ba shi lokacin shiga da na fita, ya maimaita shi har mai saurare ya soma jiransa, sa'an nan ya saɓa masa. Duk wanda ya daure ya saurari faifan Halber Mensch na 1985 daga farko zuwa ƙarshe zai tarar da wannan tsari a fili, har da waƙar buɗewa wadda muryoyin mutane ne zalla, an jera su suna amsa wa juna ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba.

Kwatancin yana da iyaka, kuma kyautuwa ya yi a faɗe ta. Lugude ya fito ne daga aikin da ke ciyar da gida, shi ya sa yake da fara'a. Kiɗan ƴan Barlin ya fito daga rushewa da tsoron yaƙin nukiliya da zama cikin kurkukun katanga, shi ya sa yake da ɗaci. Wanda ya ce bai ji daɗinsa ba yana da haƙƙinsa, ba a tilasta wa kowa son maɗaci. Inda aka yi kuskure shi ne a mai da rashin jin daɗi ya zama hujjar rashin fasaha. Kukan algaita a kunnen baƙon da bai saba ba tsiwa ce kawai, kuma da wani Bature zai rubuta cewa algaita hayaniya ce, da waɗannan malamai su ne farkon masu mai da masa martani, su ce jahilci ne da raini. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Tuhuma ta biyu ita ce ƴan koyo ne da ba su iya komai ba, suka fake da hayaniya. Gaskiya ne ba su fito daga makarantar kiɗa ba, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba. Bikin da ya fito da su da takwarorinsu a Barlin a watan Satumban 1981 an raɗa masa suna Geniale Dilletanten, wato haziƙan ƴan koyo, aka kuma bar kuskuren rubutu a cikin kalmar ta biyu don tsokanar masu jan alƙalami. Ɗaya daga cikinsu, Alexander Hacke, yana ɗan shekara 15 ya shiga. Amma ɗan koyon da ba ya koyo ba ya shekara biyar a kasuwa. A 1987 shahararren mai shirya wasan kwaikwayo Peter Zadek ya ɗauke su aiki a babban gidan wasan Hambug. Sun yi aiki da marubuci Heiner Müller a kan wasansa Die Hamletmaschine, wanda ya fito a faifai a 1991. Bargeld ya yi shekara 20 yana kaɗa gita a ƙungiyar Nick Cave, daga 1983 zuwa 2003. A watan Janairun 2017, watan da aka buɗe katafaren zauren kiɗa na Elbphilharmonie a Hambug, suna cikin waɗanda aka gayyata su yi wasa a ciki, da bututansu da ƙarafansu. A 2024 sun sake fitar da sabon faifai. In babu ƙira, me ya ci gawayi?

Malamin tarihi musamman yana da abin dubawa a aikinsu na 2014 mai suna Lament. Garin Diksmuide na ƙasar Beljiyam ne ya nemi su shirya shi don cika shekara 100 da soma yaƙin duniya na farko. Sun yi bincike a ma'ajiyar sautuka ta jami'ar Humboldt, inda aka adana muryoyin fursunonin yaƙi da aka ɗauka a sansanonin Jamus. Sun ƙera abin kiɗa mai tsirkiyoyi da waya mai ƙaya. A wani ɓangare na aikin sun jera bututan roba, kowane bututu yana wakiltar ƙasa guda daga cikin masu yaƙi, kowane bugu kuma rana guda ce ta yaƙin. Ƙasa ta shiga yaƙi, bututunta ya soma amo. Ta fita, ya yi shiru. A cikin kamar minti 13 mai saurare yana jin shekara huɗu na kashe-kashe suna cunkushewa a kunnensa. Akwai darussan aji da yawa da ba su isar da nauyin wannan yaƙi kamar yadda waɗannan bututai suka isar ba. Mahaukaci ba ya irin wannan lissafi.

Tuhuma ta uku ita ce mai nauyi, kuma ita ce ta cancanci a tsaya mata: ƙara tana kashe kunne. Wannan ba ra'ayi ba ne. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 waɗanda ke mai da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa kunne yana iya ɗaukar ƙara mai ƙarfin desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraren kiɗa, kuma a watan Maris na 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa kada ƙarar wuraren wasa ta wuce desibel 100 a matsakaicin awo na minti 15. Faransa a dokarta ta watan Agustan 2017 ta tsayar da 102, ta sauko da shi zuwa 94 idan taron na ƙananan yara ne. Injin fasa kankare a cikin rufaffen zaure ba ya sanin waɗannan ƙa'idoji, kuma babu fasahar da ta kai darajar kunnen mai kallo. A wannan fuska wasannin farko na ƴan Barlin suna da laifi, ba za a wanke su ba.

Amma wa zai jefi wa? Baligin da ya sayi tikiti ya shiga zauren da ya san za a fasa ƙarfe a ciki ya zaɓi abin da ya same shi. Jaririn da ke goye a wurin biki a Maraɗi ko Damagaram, uwarsa tana zaune dab da amsa-kuwwa an ƙure murya har sautin yana tsagewa, bai zaɓi komai ba. Yaran da ke cincirindo a gaban kayan sono a daren wasan makaranta ko a gidan matasa da al'adu, su ne mafi kusa da ƙarar kuma su ne mafi rauni. Tsohon da ke maƙwabtaka da filin da aka kafa sono har tsakar dare ba wanda ya nemi yardarsa. Wannan ƙara ba ta ɗauke da wata ma'ana, ba tana faɗin wani abu ba ne game da rushewar gari ko tsoron yaƙi, mai sono ne kawai yake so unguwa ta san kayansa sun fi na wane. Shugaban ƙungiyar da ya sa hannu aka yi hayar waɗannan kaya, ya zauna a kujerar gaba har aka tashi bai ce a rage ba, ba shi da bakin da zai kira wani mahaukaci saboda ƙara.

Su kuwa waɗanda ake zargi sun daɗe da wuce wurin. A shekarar 2000 suka fitar da faifan Silence Is Sexy, wanda sunansa ma yabon shiru ne. A waƙar da ta ba faifan suna kiɗa yakan tsaya cak, ba a jin komai sai ƙonewar taba sigari da Bargeld yake zuƙa a gaban makirfo, kuma a wurin wasa dubban mutane sukan yi tsit don su ji wannan ɗan sauti. Mutanen da suka huda dandamali a 1984 su ne suka iya sa zaure ya riƙe numfashi. Wannan ya nuna cewa tun asali ƙarar kayan aiki ce a hannunsu, suna ɗauka suna ajiyewa. Wanda ƙara ta mallake shi ba ya iya yin shiru, domin idan ya rage murya babu abin da ya saura.

Darasi mafi ɗaci ga ƙungiyoyin al'adu yana wajen kayan aiki. Kukan da aka fi ji a tarurrukansu shi ne babu kayan kiɗa, babu tallafi, ana jiran wani ofishi ko wata ƙungiyar waje ta kawo piyano mai lantarki da sono kafin a soma. Idan piyanon ya iso, sai ya haɗiye kalangu da gurumi da goge, ya riƙa kwaikwayon muryoyinsu da maɓalli guda, kowace waƙa ta koma kama da ƴar'uwarta. Alhali kasuwar Katako ta birnin Yamai kaɗai tana da tano da farantan ƙarfe da bututai da suka fi abin da Unruh ya soma da shi, kuma kowane gari yana da maƙeransa da suka san muryar ƙarfe fiye da kowane ɗan Barlin. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, ga shi a 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa Afrique Victime, yana cika zaurukan Turai da Amurka. Ƴan Barlin ma da suka gaji da kamfanonin faifai, a 2002 suka juya ga masu saurarensu ta intanet, magoya baya suka biya kuɗin faifai tun kafin a yi shi, su kuma suka buɗe musu ɗakin aikinsu suna kallon yadda ake haɗa waƙa. Ba su jira minista ba.

Babu mai cewa a kai injin huda ƙarfe cikin aji, ko a koya wa ɗalibai fasa dandamali. Abin da ake nema daga malami ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka wuya. Ya fitar da yara tsakar makaranta su rufe ido su lissafa sautukan da suke ji, daga gudumar maƙeri zuwa injin niƙa da kukan jaki, su bambance mai kauri da siriri, mai tsawo da gajere. Ya bar su su tsinto abin da za su kaɗa, su tsara shi, su koyi inda za su shiga da inda za su yi shiru. Ya sanya musu lugude da kuge, ya sanya musu Schaeffer da ƴan Barlin da murya madaidaiciya, ya tambaye su abin da ya haɗa su da abin da ya raba su, kafin ya faɗi nasa ra'ayi. Ƙungiyar al'adu kuma ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa a duk taron da ta shirya za a nisanta yara daga amsa-kuwwa, a naɗa mutum guda mai ikon cewa a rage, a kuma tsayar da lokacin tashi. Wayar hannu ta zamani tana iya ɗaukar manhajar awon ƙara, ko da awon nata na kusa-kusa ne, saboda haka uzurin rashin na'ura ya faɗi.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Masu sukar Einstürzende Neubauten sun ji girin-girin ɗin suka juya baya, ba su tsaya sun duba ko ta yi man ba, ga shi kuwa shekara 45 ana kwasa. Ranar da ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suka fitar da aiki guda daga abin da ke zube a bayan gidajensu, suka kuma rage muryar sono saboda kunnen yaran da ke gaba, ranar ce za su sami bakin yi wa ƴan Barlin shari'a.